Shin Ko Kun San? Ɗan Bambanci, Babban Al'amari: Daga Gwandu Zuwa Kalgo

Hausawa na cewa kama da wane ba wane ba ne. A wannan mako shafinmu ya bi sawun wannan magana daga Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, zuwa Kalgo, mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi. Abin da muka fita nema shi ne ƙananan bambance-bambancen da ido kan tsallake, waɗanda masanin kimiyya ke aunawa, mai sana'a kuma yake cin abinci da su. Bismillah.

A ƘARƘASHIN ƘAFARMU

Shin ko kun san akwai wani shimfiɗin ƙasa da masana duwatsu ke kira da sunan Gwandu? Shi ne na sama a jerin shimfiɗun kwarin Sakkwato, kuma a kansa Gwandu da Birnin Kebbi da Kalgo da Argungu suke zaune. Hawa-hawa ne na rairayi da yumɓu, wani bisa wani. Rairayi ke riƙe ruwa, yumɓu ya toshe masa hanya. Shi ya sa akan haƙa rijiya a wannan unguwa a tarar da ruwa nan kusa, a koma waccan a sha wuya. A wasu wuraren kwarin Rima ma, rijiyar burtsatse kan tunkuɗo ruwa da kanta ba tare da famfo ba.

Shin ko kun san can ƙarƙashin wannan shimfiɗi akwai farin dutsen Kalambaina, wanda ake yin siminti da shi a Sakkwato? Gadon wani teku ne da ya kwanta a nan kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. Daga sauyin launi da laushin dutsen, taki bayan taki, masana ke gane lokacin da tekun ya cika da lokacin da ya janye.

Shin ko kun san tuddan nan masu shafaffen kai da ake hangowa a ƙasar Gwandu ragowar tsohuwar doron ƙasa ne? Ɗan siririn murfin marmara da ke kansu ne ya kare su. Inda murfin ya tsage, ruwan dubban damuna ya kwashe abin da ke ƙasa, wurin ya koma fili.

A GONA DA FADAMA

Shin ko kun san a gona guda, iri guda, shukar rana guda, gero kan wuce kan mutum a nan, a matsa taku biyar a ga bai kai gwiwa ba? Masu bincike a cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun daɗe suna auna wannan. Amsoshin da suka samu su ne waɗanda tsofaffin manoma ke faɗa: gurbin tsohon suri, kufai, mashekarin da shanu suka kwana, ko 'yar ƙurar da sabara ta tare. Wani abin lura kuma, ɗan tudun da ya yi kyau a shekarar ruwa shi kan ƙone a shekarar fari, sai ɗan kwarin gefensa ya rufa wa mai gona asiri. Gonar da ba ta zama bai ɗaya ba, ba ta cika mutuwa gaba ɗaya ba.

Shin ko kun san gawo yana tafiya saɓanin sauran itatuwa? Da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi kore. Don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyensa ya zama taki, dabbobin da suka sha inuwarsa da rani su bar kashi a gindinsa. Hatsin ƙarƙashin gawo daban yake da na tsakiyar gona, ko yaro ya sani.

Shin ko kun san ana iya sheƙa ruwa a Kalgo, Birnin Kebbi da ke maƙwabtaka da ita ta kwana cikin ƙura? A shekarun 1990 an jera ma'aunan ruwan sama barkatai a kewayen Yamai, aka tarar ƙauyukan da ba su wuce 'yan kilomitoci tsakani ba kan bambanta sosai a jimillar ruwan damina guda. Wannan na cikin hikimar manomin da ke raba gonakinsa, ɗaya gabas da gari, ɗaya yamma.

Shin ko kun san taƙaita lamba ce ta tona asirin wahalar hasashen yanayi? A 1961 wani masani ɗan Amurka, Edward Lorenz, ya sake shigar da lissafinsa a kwamfuta, ya rubuta 0.506 maimakon 0.506127. Da lissafin ya yi nisa, sai yanayin da ya fito ya saɓa da na farko kwata-kwata. A 1972 ya gabatar da lacca yana tambaya ko kaɗa fiffiken malam-buɗe-littafi a Barazil zai iya tayar da guguwa a Amurka. Har gobe hasashen ruwan sama ba ya yin ƙarfi idan ya wuce mako biyu.

Shin ko kun san dawa da maiwa na auna tsawon yini? A ƙasar Kebbi bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta kusan awa ɗaya da rabi ne kawai a duk shekara. Amma tsoffin irin dawa na jin ragin 'yan mintuna, su ɗauke shi alamar fitar da kai. Binciken da D. L. Curtis ya wallafa a 1968 kan dawar Nijeriya ya nuna kowace ƙasa irinta kan yi kai daidai da ƙarshen daminar wurin. Kai irin kudu arewa, ruwa ya ɗauke bai nuna ba. Kai na arewa kudu, ya nuna cikin ruwa ya yi fumfuna.

Shin ko kun san shinkafa iri biyu ɗan Adam yake nomawa? Akwai ta Asiya, akwai ta Afirka wadda aka fara nomawa kimanin shekara 3,000 da suka wuce a kwarin kogin Kwara na ƙasar Mali. A gona kusan kamarsu ɗaya, sai an duba 'yar fatar da ke mahaɗar ganye da kara: ta Afirka gajera ce, ta Asiya doguwa mai tsini. Dakta Monty Jones na Saliyo ne ya jagoranci aurar da su a shekarun 1990 aka sami irin NERICA, ya kuma karɓi kyautar abinci ta duniya a 2004.

Shin ko kun san shinkafar daji na zubar da 'ya'yanta da zarar ta nuna? A 2006 masana suka nuna cewa sauyin harafi ɗaya a wata ƙwayar gado ne ya rage wannan zuba a shinkafar Asiya, ta riƙa jiran lauje. Manoman farko ba su san haruffa ba. Sun dai ga zangarniyar da ba ta zube ba, suka ajiye ta iri.

Shin ko kun san a fadamar Rima tazarar taki ɗaya a tudu ko kwari kan raba mai dariya da mai kuka? Ambaliyar 2020 ta nuna haka, lokacin da ruwa ya shanye gonakin shinkafa masu yawa a jihar Kebbi. Shinkafa irin FARO 44, wadda ta cika fadamun Kebbi musamman bayan ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, ba ta jure doguwar nutsewa. Amma akwai ƙwayar gado guda, SUB1, da aka samo daga wani tsohon irin manoman Indiya, wadda ke sa shuka ta lafe a ƙarƙashin ruwa har kusan mako biyu ta tashi. Da ita aka samar da FARO 66 da FARO 67 a 2017.

A JIKINMU

Shin ko kun san bayanin gadon da ke cikin ƙwayoyin jikin mutum, wato DNA, ya kai haruffa biliyan 3? Ɗauki Bakabe da Bature da mutumin Sin, za ka tarar kusan kashi 99.9 cikin 100 na haruffan iri ɗaya ne. Tsawo da launi da kamannin fuska duk a ɗan ragowar nan suke.

Shin ko kun san harafi ɗaya tak cikin biliyan ukun nan ne ke kawo amosanin jini, wato sikila? Inda ya kamata a sami A sai aka sami T. Wannan ya sauya tubali guda, na shida, a jerin sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. Idan iska ta yi ƙaranci sai jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe, su toshe ƙananan jijiyoyi, ciwo ya tashi. Likita James Herrick ya bayyana cutar a 1910, Vernon Ingram ya gano ainihin tubalin da ya sauya a 1957. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce kimanin jarirai 150,000 ake haifa da ita a Nijeriya duk shekara.

Shin ko kun san me ya sa harafin ya yawaita a ƙasashenmu? A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai ɗauke da kwafi ɗaya, wato AS, yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Matsalar sai AS ya auri AS: kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. A lura, kowane ciki lissafinsa daban, ba wai in an haifi ɗaya ukun da ke biye sun tsira ba. Gwajin jini kafin a kai kuɗin gaisuwa ya fi sauƙi bisa zaryar asibiti.

Shin ko kun san yawancin manyan mutane a duniya cikinsu ba ya narkar da ɗanyar madara sosai? Fulani da yawa kuwa suna sha lafiya lau har tsufa, saboda sauyin harafi ɗaya da ke hana jiki daina aikin bayan yaye. Irin sauyin da ke jikin Fulani shi ne na mutanen arewacin Turai. Makiyayan Kenya da Tanzaniya kuma nasu harafin daban, a wani gurbi na kusa, amma aikin ɗaya.

Shin ko kun san Hassan da Husaini, ko da uwarsu na rikita su, zanen yatsunsu ba ɗaya ba ne? Zanen na samuwa tun a ciki, kuma kwanciyar ɗan tayi da matsin da yatsa ya samu na sa hannu a kai. A kan wannan ɗan bambanci aka gina rajistar masu zaɓe da lambar BVN ta banki.

A RUWA DA DAJI

Shin ko kun san akwai sauraye masu yaɗa zazzaɓi da ko a madubin likita ba a rarrabe su, amma jinsinsu daban? Wani ya fi son 'yan kududdufan ruwan sama, wani ya fi son ruwa mai daɗewa irin na fadamar shinkafa. Masani ɗan Italiya Mario Coluzzi, wanda ya yi aiki a shirin binciken zazzaɓi na Garki da ke jihar Jigawa ta yau, tsakanin 1969 da 1976, na cikin waɗanda suka buɗe wannan fage. A 2013 aka raɗa wa ɗaya daga jinsunan sunansa. Haka kuma ɗan sauyi a ƙwayar gado guda kan sa sauro ya daina jin maganin gidan sauro, dalilin da ya sa ake sauya haɗin maganin.

Shin ko kun san kifin nan yauni, da wasu ke kira ɗan sarki, da lantarki yake lalube? A 1951 Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya gano yana fitar da wata 'yar wuta marar ƙarfi ba ƙaƙƙautawa, yana gane dutse ko abinci daga yadda suka karkatar da ita. Idan biyu suka haɗu bugun wutarsu ya yi kusa da juna, sai kowa ya ɗan gusa da nasa don kada su rikita juna.

Shin ko kun san raƙuman dawan Kure, a Nijar, da zanen jikinsu ake ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya? Babu biyu masu zane guda. A 1996 kimanin 50 suka rage, yau sun haura 600. A 1952 masanin lissafi Alan Turing ya nuna yadda 'yar tangarɗa a wuri mai bai ɗaya kan girma da kanta ta zama ɗigo-ɗigo ko ratsi-ratsi. Da lissafi mai kama da nasa ake bayanin dajin nan na tuddan kewayen Yamai, wanda daga jirgin sama ake ganinsa layi-layi: gangaren da ido ba ya gani ke turo ruwan sama daga faƙo zuwa gindin itatuwa, layin itace ya ƙoshi, layin faƙo ya zauna tsirara.

A ALLO DA TAKARDA

Shin ko kun san ɗigo ɗaya ke raba rubutun allonmu da na gabas? A rubutun Magariba da muka gada, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A bugun Masar da Saudiyya fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Wanda bai san wannan ba sai ya karanta ƙaf ɗinmu a matsayin fa. Ɗigon imala na ƙarƙashin harafi kuwa shi marubutan ajami suka ara don rubuta wasalin e na Hausa.

Shin ko kun san ruwayar Warshu da ake karantawa a tsangayunmu daga Nafi'u na Madina take, ta Hafsu kuma daga Asimu na Kufa? Dukansu ingantattu ne a wurin malamai. Bambancin yana a jan wasali, da imala, da sauƙaƙa hamza da makamantansu. Ƙidayar Kufa ta ba da ayoyi 6,236, ta Madina 6,214, ba don an ƙara ko an rage komai ba, sai don saɓanin inda ake ƙirga ƙarshen aya. Bugun Alƙahira na 1924 ne ya yaɗa Hafsu a duniya. Gardin da ya ƙware yana jin bambancin wasali ɗaya daga bayan zaure.

Shin ko kun san kafin zuwan injin ɗab'i, littattafan Malam Abdullahi da hannu aka yaɗa su, kuma da wuya a sami kwafi biyu da suka dace harafi da harafi? Wannan mai kwafi ya tsallake layi, wancan ya shigar da bayanin gefe cikin matani, almajirinsa ya gaji kuskuren. Da irin wannan gadon kuskure masana ke gano wane kwafi ne ya fito daga wane. Sai da Mervyn Hiskett ya gwama kwafe-kwafe kafin ya fitar da Tazyinul Waraƙat a Ibadan a 1963. Tafsirin Malam, Liya'ut Ta'awili, an buga shi a Alƙahira a 1961.

Shin ko kun san a Gwandu ne Bature ya fara karanta Tarihus Sudan, babban tarihin Sanwai da Tambutu? Heinrich Barth ne, a 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi. An ara masa kwafi na 'yan kwanaki, ya kwashi abin da ya iya cikin gaggawa, ya jingina littafin ga Ahmad Baba. Daga baya aka tabbatar na Abdurrahman Sa'adi ne, kuma Octave Houdas ya buga matanin Larabcin a Faris a 1898.

Shin ko kun san in ka ɗaga tsohuwar takardar malamanmu ga hasken rana kana iya ganin jinjirin wata uku a cikinta? Tambarin masana'antun Italiya ne, irin na gidan Galvani, da fatake ke kawowa ta Tarabulus da Masar. Ragar da ake zuba takardar a kai na lanƙwasa da tsufa, ana kuma sauya ta. Daga girman watannin da tazararsu ake ƙiyasta shekarun littafin da ba a rubuta masa kwanan wata ba.

Shin ko kun san ilmin aruli da kansa ya ware wa mawaƙi wuraren da zai ɗan saɓa wa ma'auni? Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara bahar 15, Ahfash ya ƙara na 16, kuma a kowanne akwai zihafi, wato izinin gajarta gaɓa a wasu gurabe. Ba don shi ba da waƙa ta zama sukuwa mai sa gyangyaɗi. Tahamisi ma wani salon ƙari ne a kan abin da ke akwai: Shehu Usmanu ya yi Tabbat Haƙiƙa da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Wannan gado bai yanke a Gwandu ba, don Wazirin Gwandu Umaru Nasarawa, wanda aka sa wa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Birnin Kebbi sunansa, shi ma mawaƙi ne.

Shin ko kun san da baƙi ɗaya ake gane mutumin yamma a tashar Kano? Inda Bakano ya ce biyar, fari, wanda ya zo, mutumin Gwandu sai ya ce biyat, hwari, wanda yaz zo. Masana harshe na ganin Hausar yamma ta riƙe tsoffin siffofi da dama da ta gabas ta saki.

A BAKIN MAKAƊA

Shin ko kun san kalangu ba shi da murya guda? Ɗan matsin da makaɗi ya yi wa tsarkiya da hammata ke ɗaga sauti, sakinta ya saukar da shi, har kalangu ya bi hawa da saukar maganar Hausa ya kira sunan mahauci. Goge kuma ba shi da matakai a wuyansa, gusawar yatsa kaɗan ta isa ta sauya amo. Fata na ɗaurewa da hunturu ta saki da damina, shi ya sa makaɗi kan gasa gangarsa kafin ya shiga fage. Turawa kuwa sai da suka yi taro a Landan a 1939 kafin su amince da ma'aunin sauti guda, kaɗawa 440 a daƙiƙa.

Shin ko kun san makaɗin baka ba ya maimaita waƙa daidai da yadda ya yi ta jiya? Saurari ɗauka biyu na waƙa ɗaya ta Musa Ɗanƙwairo ko Sani Aliyu Ɗandawo. Gindin waƙa na nan daram a bakin 'yan amshi, amma ɗiyan sun sauya wuri, an ƙara sunan wanda ya yi kyauta yau, an tsawaita zambo. Milman Parry da Albert Lord sun tarar da haka ga mawaƙan Yugoslabiya a shekarun 1930. A gida kuma, irin aikin da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi kan Narambaɗa ya nuna yawan ilmin da ke cikin wannan fage.

A MARINA DA MASAƘA

Shin ko kun san zane kore-kore yake fitowa daga karofi? Sai ya sha iska yake komawa shuɗi a idon mai kallo. Kowane tsomi na ƙara duhu, kuma ƙarfin baba da toka da zafin rana da kwanakin da karofin ya yi duk suna da ta cewa. Marini kan duba kumfa, ya shinshina, ya san ko rini ya nuna. Turmi biyu daga karofi guda ma ba sa zama ɗaya sak. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta, wanda launinsa ba ya motsi.

Shin ko kun san kyan saƙi daga rashin daidaiton zare yake? Zaren da mace ta kaɗa da mazari wani wuri kauri, wani wuri siriri, kowanne da yadda yake shan shuni. In masaƙi ya gwama fari da baƙi a ƙananan gidaje, daga nesa sai a ga launin zabo, launin da babu shi a ko ɗaya daga zaren biyu. Mai zanen Faransa Georges Seurat da irin wannan dabara ya yi suna a shekarun 1880: ɗigo-ɗigon launuka daban, idon mai kallo ya haɗa.

Shin ko kun san Claude Monet ya zana tarin damman hatsi na gona ɗaya kimanin sau 25 tsakanin 1890 da 1891? Haske kaɗai yake bi, na safe, na yamma, na sanyi. Wani likita ɗan Italiya kuma, Giovanni Morelli, ya koyar da cewa mai zanen jabu a kunne da farce ake kama shi, wuraren da ba ya kula da su. Dillalin huluna ma bayan ɗinki yake juyawa ya gane hannun da ya yi aikin.

A SAMA DA MA'AUNI

Shin ko kun san Gwandu na riga Kalgo shan ruwa? Duniya na juya digiri ɗaya a minti huɗu, Gwandu kuma na gabas da Kalgo da kusan rabin digiri, wato kusan minti biyu ke nan. Kano na riga Birnin Kebbi da kimanin minti 17, Maiduguri da fiye da rabin awa. A kula da jadawalin azumin da aka turo ta WhatsApp daga wani gari.

Shin ko kun san watan sama kwana 29 da rabi ne da 'yan mintuna? Wannan rabin ne ke sa wani wata ya yi 29, wani 30. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Ragin na taruwa har azumi ya zagaya bazara da damina da hunturu ya dawo mazauninsa cikin kimanin shekara 33.

Shin ko kun san ba mudun kasuwar Jega kaɗai ake jayayya a kansa ba? Tun 1889 ma'aunin kilo na duniya wani curin ƙarfe ne da aka kulle a kusa da Faris. Da aka yi ta gwada shi da 'yan'uwansa sai aka ga sun saɓa da kimanin kashi 50 cikin miliyan na giram ɗaya. Wannan ya ishi masana su yi masa ritaya: daga 20 ga Mayu 2019 da ƙa'idar lissafi ake fayyace kilo.

Shin ko kun san hasken da ya fi kowane tsufa a sararin samaniya kusan zafinsa ɗaya ta kowace fuska? Saɓanin bai wuce kashi ɗaya cikin 100,000 ba. Tauraron ɗan Adam na COBE ya gano shi a 1992, John Mather da George Smoot suka sami kyautar Nobel a 2006. A bayanin masana falaki, daga wannan ɗan saɓani ne tarin taurari suka dunƙule.

NA ƘARSHE

Shin ko kun san a 1975 kuturtar gyaɗa ta cinye kusan hekta 700,000 a arewacin Nijeriya, tana cikin abubuwan da suka kwantar da dalar gyaɗa? Irin da ke jure mata kuwa tun shekarun 1950 aka tsinto shi a gonakin talakawa na kan iyakar Burkina Faso da Kwaddibuwa, daga shi aka yi ta ƙyanƙyasar sababbi. Saboda irin wannan rana cibiyar IITA ta Ibadan ke ajiye da nau'in wake sama da 15,000, aka kuma buɗe rumbun iri na duniya a tsibirin Svalbard na Norwe a 2008. Don haka manomin da ya karɓi sabon iri ya kyauta, amma kada ya cinye tsohuwar jar shinkafa ko maiwar da ya gada har ƙwayar ƙarshe. Ya ware mata ko da kunya biyu ce a gefen gona duk shekara, domin iri da shuka yake rayuwa, ba da ajiya a tukunya ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.